Sabunta Tsofaffin Shirye-shiryen Almarar Kimiyya: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya taɓa kunna wani shirin talabijin na shekarun 1990 a irin manyan talabijin na yau, ya san abin da idonsa yake cin karo da shi. Fuskokin ƴan wasa sukan yi dishi-dishi tamkar ana hango su ta cikin hazo, rubutun da ke jikin bango ya cakuɗe, taurarin sararin samaniya kuma su koma wasu ɗige-ɗige masu rawa. Shirin yana nan yadda aka yi shi, allon ne ya girma har ya tona masa asiri. Wannan ne ya sa kamfanonin fim na Amurka da Ingila suka shiga aikin sabunta tsofaffin shirye-shiryensu, wato mayar da su zuwa tsarin hoto tangaran da ake kira HD. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma wahalarsa ta fi yawa a shirye-shiryen almarar kimiyya, waɗanda rabin armashinsu ya rataya a kan kumbuna da duniyoyi da halittun da babu su a zahiri. To, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

A ganina tana biya, amma bisa sharaɗi guda: mai sabuntawa ya tsaya ga fito da abin da kyamara ta riga ta ɗauka. In kuwa larura ta sa ya ƙara wani abu nasa, to ya ajiye na asali a inda kowa zai iya ganinsa. Kafin a yi hukunci, yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda aikin yake.

Me ake sabuntawa?

Hoton talabijin na da a Amurka layuka 480 ne ake gani daga sama zuwa ƙasa, a Turai kuma 576. Cikakken tsarin HD yana da layuka 1080, kowane layi da ɗigo 1920, wato ɗigo sama da miliyan biyu a hoto guda. Wannan ya ninka na tsohon tsarin Amurka kamar sau shida. Tambayar ita ce, daga ina za a samo ƙarin?

Amsar tana ga abin da aka ɗauki shirin da shi. Idan da zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauka, irin wanda ake yin fina-finan silima da shi, to ƙarin yana nan kwance a jikin zaren tun ranar farko, domin fim yana riƙe da ƙananan bayanai fiye da yadda talabijin na wancan zamani yake iya nunawa. Sai a ɗauko zaren daga ma'ajiya, na'ura ta karanta shi hoto bayan hoto, a share ƙura da ƙarce, a daidaita launi. Idan kuwa kai tsaye aka ɗauka a kaset ɗin bidiyo, to layukan da aka naɗa su ke nan har abada. Misali mai sauƙi shi ne shirin The Twilight Zone, wanda aka fara nunawa a 1959. Kusan dukkansa a fim aka ɗauka, shi ya sa yau yake fita garau. Amma a zango na biyu an ɗauki kashi shida a bidiyo don rage kashe kuɗi, kuma waɗannan shida ba su da hanyar kamo ƴan uwansu.

Gyara iri biyu a gida ɗaya

Jerin shirye-shiryen Star Trek ya ba mu misalai biyu da suka sha bamban. Na farkonsu, wanda aka nuna daga 1966 zuwa 1969 cikin kashi 79, a fim aka ɗauke shi kuma a fim aka harhaɗa shi. Da kamfanin CBS ya tashi sabunta shi a 2006, wuraren da ƴan wasa suke magana ba su ba da wahala ba. Matsalar ta taso ne a hotunan kumbon Enterprise, waɗanda suka dusashe saboda yadda a wancan lokaci ake kwafar fim a kan fim kafin a haɗa kumbo da taurari. Sai kamfanin ya cire su, ya maye gurbinsu da sababbin da aka zana da kwamfuta.

A nan akwai abin lura. Samfurin kumbon da aka yi amfani da shi a shekarun 1960, mai tsawon ƙafa 11, yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian da ke Washinton, ana tattalinsa a matsayin kayan tarihi. Amma a shirin da aka sabunta, aikin da masu fasaha suka yi da wannan samfuri ne aka ɗebe. Wanda ya kalli sabon zubin kaɗai zai ɗauka haka ake iya yin hoto a 1966, alhali yana kallon fasahar 2006 ne. Abin da ya wanke kamfanin shi ne, da ya fitar da faifan Blu-ray a 2009 ya zuba tsohon zubi da sabo tare, mai kallo ya zaɓi wanda yake so.

Na biyu shi ne Star Trek: The Next Generation, wanda ya gudana daga 1987 zuwa 1994 cikin kashi 178. Shi ma a fim aka ɗauka, sai dai an juye shi zuwa kaset ɗin bidiyo, a can aka yanka aka haɗa, a can kuma aka saka siddabarun hoto. Saboda haka babu wani kammalallen kashi ko guda a jikin fim. Abin da ke ma'ajiya shi ne dubban naɗe-naɗen zare na ɗanyen aiki. Dole masu sabuntawa suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka nemo kowane gutsure da aka yi amfani da shi, suka sake harhaɗa kowane kashi daidai da yadda aka nuna shi tun farko. Kumbunan kuwa samfura ne na gaske da aka ɗauka a fim, don haka aka sake haɗa ainihin hotunansu, aka taƙaita zanen kwamfuta ga abubuwan da tun asali a bidiyo aka ƙirƙire su. Ba a kuma taɓa siffar allon ba, an bar ta a ma'aunin 4:3 na tsohon talabijin. Aikin ya fito zango bayan zango daga 2012 zuwa 2014. Wannan shi ne irin gyaran da nake karewa, domin mafi yawan abin da mai kallo ya ƙaru da shi aikin mutanen 1987 ne wanda tsohon talabijin ya ɓoye.

Hujjojin masu suka

Masu ganin aikin ɓarnar dukiya ne suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce kuɗi. An kashe miliyoyin daloli a kan The Next Generation, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin sun bayyana cewa cinikin faifan bai kai yadda aka zata ba, domin ya zo daidai lokacin da jama'a suke barin sayen faifai suna komawa kallo ta intanet. Sakamakon haka shirye-shirye biyu da suka biyo baya, Deep Space Nine na 1993 zuwa 1999 da Voyager na 1995 zuwa 2001, suka rasa mai waiwayarsu. Nasu aikin ma ya fi tsada, saboda a zangunansu na baya yawancin kumbunan da kwamfuta aka zana su a ƙaramin ma'auni, sai an sake zana su daga tushe.

Hujjar gaskiya ce idan cinikin shekara biyu ko uku ne ma'auni. Sai dai shirin talabijin ba tumatir ba ne da za a ce in bai ƙare a kasuwar yau ba ya ruɓe. Zubin da aka sabunta shi ne yanzu ake nunawa a dandalin kallo na intanet, kuma shi za a ci gaba da sayarwa shekaru masu zuwa. Wanda ba a sabunta ba kuwa kullum ƙara muni yake yi a ido, gwargwadon yadda alluna suke ƙara girma. Matashin da ya tashi da hoto tangaran da wuya ya jure wa hazo na tsawon kashi 176. Abin da za a yi asara kuma ba ƙarami ba ne. Deep Space Nine shi ne na farko a jerin Star Trek da baƙar fata, Avery Brooks, ya ja ragamarsa, kuma a cikinsa ne aka yi kashin nan na 1998 da ya duba wariyar launin fata a Amurkar shekarun 1950 ta idon wani baƙar fata marubucin almarar kimiyya. Masu kallo sun nuna ƙishirwarsu a aikace: da aka tashi yin fim ɗin tarihin shirin mai suna What We Left Behind, su suka tara kuɗi ta intanet, har aka sabunta wasu ƴan gutsattsarin shirin aka saka a ciki.

Hujja ta biyu ita ce, hoto tangaran yana fallasa abin da aka yi don a ɓoye. Masu kwalliya da masu gina dandali na da sun san iyakar ganin talabijin, sun kuma yi aiki daidai da ita. A sabon zubin The Next Generation ana iya hango baƙaƙen kwalaye da aka manna a jikin wasu allunan ɗakin tuƙin kumbo don hana fitilu ƙyalli. Wannan haka yake. Amma idon da ya ga kwali shi ne kuma yake ganin saƙar tufafi, da motsin fuskar Patrick Stewart, da ƙananan zane-zanen da aka ɓata makonni ana yi a jikin samfurin kumbo. Ribar ta rinjayi hasarar nesa ba kusa ba. Ga ɗalibin fim ma, kwalin nan darasi ne a kan yadda ake aiki a wancan zamani.

Hujja ta uku ita ce ta mai kallo a wayar hannu, wanda kuɗin data ya fi damunsa a kan yawan layuka. Shi kam bambancin kaɗan zai gani. Sai dai daga babban kwafi ana iya fitar da ƙarami mai tsabta, daga ƙarami kuwa ba a fitar da babba. Ko manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yayin ƙara wa tsohon bidiyo kaifi da su, cankar abin da ya ɓace suke yi, su cike gurbi da abin da suke zato. Sukan goge fatar mutum ta koma kamar roba, su mayar da rubutu wasu alamomi marasa ma'ana. Suna da amfani inda babu zaren asali, amma inda zaren yake, komawa gare shi ne daidai.

Gyaran gangar Abzinawa

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan sabuntawa ita ce yadda wasu suka yi ta ba da kula ba. Babylon 5, shirin J. Michael Straczynski na shekarun 1990, an fitar da shi a faifan DVD da faffaɗan allo, alhali zanen kwamfutarsa na ma'aunin 4:3 ne. Don a cika allon sai aka datse sama da ƙasan waɗannan hotuna aka buɗa su, suka ƙara dusashewa. Sai a 2021 aka sake sabunta shi, aka mayar da shi siffarsa ta asali. Haka ma Buffy the Vampire Slayer, ko da yake ya fi kusa da labarin dodanni: zubin HD da ya bayyana a 2014 ya faɗaɗa allo har ma'aikatan bayan fage suka riƙa leƙowa a gefe, wasu wuraren da aka shirya su a matsayin dare kuma suka koma kamar rana. Garin neman gira an rasa ido. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne a girmama shawarar waɗanda suka yi shirin game da siffar allo da launi da haske, domin kuskuren duka ya faro ne daga son a sa tsoho ya yi kama da sabo.

Darasin Jos

Akwai wani dalili da ya wuce daɗin kallo, wato adanawa. Launin fim yana koɗewa, zarensa yana lalacewa in ma'ajiya ba ta da kyau, kaset ɗin bidiyo yana mutuwa, na'urorin karanta shi kuma an daina ƙera su. Tarihin Doctor Who ya isa gargaɗi. Shirin ya fara a BBC a 1963, amma a shekarun 1960 da 1970 tashar ta riƙa goge kaset tana sake naɗa wasu shirye-shiryen a kai, bisa tunanin cewa ba mai sake neman tsofaffin. Kashi sama da ɗari suka salwanta ta haka. A 2013 aka sanar da cewa wani mai bin sawun tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara daga cikinsu a ma'ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos a Nijeriya, cikin kwafin da BBC ta sayar wa ƙasashen waje a zaren milimita 16. Waɗannan ba za su taɓa zama HD na haƙiƙa ba, tun da daga bidiyo aka kwafo su. Duk da haka an tsabtace su an fitar, jama'a kuma suka yi rububinsu. Abin da wata tasha ta ɗauka shara ne, bayan shekara arba'in ya zama abin da ake ƙetare teku ana nema. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Duk lokacin da aka ɗauko zaren asali aka karanta shi da na'ura, an samar da sabon kwafi da zai rayu bayan zaren, ko da faifai ko ɗaya bai sayu ba. Saboda haka ina ganin kamfanin da ya mallaki Deep Space Nine da Voyager ya kamata aƙalla ya juye zarensu tun suna da lafiya, ya bar sake zanen kumbuna zuwa lokacin da farashinsa zai sauko. Mai karatu kuma, idan aka tallata masa tsohon shiri da sunan an sabunta, ya yi tambaya uku kafin ya yaba: daga zaren asali aka ɗauko, ko bidiyo aka buɗa? An bar allo da launi yadda masu shirin suka tsara? Ina kuma zubin farko, ana iya ganinsa? Idan amsoshin suka gamsar, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu.