Dave Smith, Maƙerin Da Ya Sa Injunan Kiɗa Suka Ji Harshen Juna

Duk wanda ya halarci bikin aure a ɗaya daga cikin manyan zaurukan Abuja, ko a Wuse ko a Garki, ko kuwa gangamin 'yan siyasa a Dandalin Eagle, da wuya ya rasa ganin wani saurayi tsaye a gefe guda gaban dogon akwati mai haƙora farare da baƙaƙe, wanda jama'a suke kira fiyano. Shi kaɗai ne, amma abin da ke fitowa daga lasifika sai ka ce makaɗa goma ne suka taru. In ma ba a ga saurayin ba, to, waƙar da ake sakawa da irin wannan akwati aka buga ta a wani ɗakin ɗaukar waƙa na Kano ko Kaduna ko nan Abuja. A bayan akwatin akwai wasu 'yan ƙofofi da aka rubuta wa haruffa huɗu, MIDI. Mutumin da ya fara kawo shawarar abin da haruffan nan suke nufi, Ba'amurke ne mai suna Dave Smith, ya kuwa rasu ran 31 ga Mayu, 2022, yana da shekara 72.

An haifi Smith a birnin San Faransisko cikin 1950, ya yi karatun injiniya da na kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1972 ya sayi wani injin haɗa sauti mai suna Minimoog, wato injin da ba ya da tsirkiya ko fata, lantarki kawai yake sarrafawa har ya zama amo. Injunan wancan zamani suna da manyan illoli biyu. Ta farko, yawancinsu murya ɗaya tak suke fitarwa a lokaci guda, kamar mai busa sarewa. Ta biyu kuwa ita ta fi ci wa makaɗa tuwo a ƙwarya: mutum zai yini yana murɗa maɓallai har ya sami amon da yake so, amma da zarar ya murɗa su don neman wani amon, na farkon ya ɓace ke nan, sai dai in ya rubuta matsayin kowane maɓalli a takarda.

Smith ya kafa kamfaninsa, Sequential Circuits, a 1974. A 1978 ya fito da injin da ya sa masa suna Prophet-5, wanda yake fitar da murya biyar gaba ɗaya, kuma yana ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai ajiye amo 40. Makaɗi ya danna lamba, amon da ya haɗa jiya ya dawo masa yadda ya bar shi. Manyan mawaƙan Amurka da Ingila suka yi rububinsa, har an ji shi a faifan Thriller na Michael Jackson na 1982.

Da Smith ya tsaya nan, da sunansa bai shafi ƙasar Hausa ba ko kaɗan, domin Prophet-5 kayan masu hannu da shuni ne. Abin da ya kawo shi har ƙofar gidan Bahaushe shi ne wani aikin dabam. A farkon shekarun 1980 kowane kamfani yana ƙera injinsa ne da tsarin kansa, na Roland ba ya jin maganar na Yamaha, na Yamaha ba ya jin ta Korg. A 1981 Smith da wani injiniyansa, Chet Wood, suka gabatar da takarda a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti, suna neman a yi harshe guda wanda kowane inji zai ji. Can Japan kuma shugaban kamfanin Roland, Ikutaro Kakehashi, yana ta wannan tunani. Aka yi ta kai da kawowa tsakanin Amurka da Japan, wasu kamfanonin Amurka suna ja da baya, har cikin Janairu 1983, a wurin baje kolin kayan kiɗa na Anaheim, aka sa waya tsakanin Prophet-600 na Smith da Jupiter-6 na Roland. Aka taɓa wannan, wancan ya amsa.

Ya kamata mai karatu ya gane cewa ba amo ne yake bi ta cikin wayar nan ba, umurni ne kawai, kamar saƙon tangaraho: an danna haƙori kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Waya guda tana ɗaukar layi 16, wato ana iya umurtar kayan kiɗa 16 daban-daban ta cikinta. Da yake umurni ne, ana iya ajiye shi a kwamfuta, a gyara kuskure ba tare da an sake kiɗan ba, a ƙara masa sauri, ko a ce abin da aka buga da sarewa ya koma garaya. Wannan shi ne asirin saurayin nan da yake zama shi kaɗai a ɗaki ya gina waƙa sukutum cikin dare ɗaya.

To, amma babban abin lura shi ne Smith da Kakehashi ba su sa wa wannan harshe kuɗi ba. Sun bar shi kyauta, duk kamfanin da ya so ya ɗauka. Wani zai ce dabarar kasuwa ce, tun da in an sa kuɗi ba wanda zai karɓa, kuma da gaskiyarsa. Sai dai kasuwar ba ta yi wa Smith daɗi ba: injuna masu araha suka kwararo daga Japan, kamfaninsa ya durƙushe a 1987, Yamaha ta saye shi har da sunan.

Kiɗan lantarki dai ya riga MIDI zuwa wannan yanki. Tun 1978 Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon Yamai da wani ogan na lantarki ƙirar Italiya, aka yi shekaru ana jin sa a tsakanin shirye-shirye. Amma ambaliyar ta zo ne da finafinan Kano cikin shekarun 1990, sa'ad da ƙananan fiyano na Yamaha suka shiga ɗakunan ɗaukar waƙa. Fim ɗin Sangaya na ƙarshen shekarun nan ya nuna wa masu shirya fim cewa waƙar fiyano ita ke sayar da kaset. Daga nan sai waƙoƙin biki, da na siyasa, da na yabon Annabi, kowa ya bi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ayarin makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tafiya, kowannensu da iyalin da yake ciyarwa. Mawaƙin yau kuɗin ɗakin ɗauka kawai yake bukata. Dubban samari sun sami sana'a ta nan, ba wanda zai musa, amma gidajen da suka gaji kiɗa kaka da kakanni su suka biya kuɗin wannan sauƙi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. A 1991 kamfanoni suka amince da jerin amon kayan kiɗa 128 da kowane fiyano zai riƙa ɗauka, kowanne da lambarsa. A cikin jerin akwai sita da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu goge, babu kukuma, babu kuntigin Ɗan Maraya Jos. Saboda haka mai fiyano a Kano in yana neman algaita, sai ya laluba ya ɗauko abin da ya fi kama da ita. Son finafinan Indiya ya daɗe a ƙasar Hausa, ba fiyano ya kawo shi ba, amma lalle akwatin ya zo da kayan Indiya a shirye, na gida kuwa sai kame-kame. Kalangu ma magana yake yi, ana matsa shi a hammata ya hau ya sauka bisa karin harshe, abin da haƙoran fiyano ba sa yi sai an wahala. Wannan ba laifin Smith ba ne. Harshen da ya bari yana iya umurtar kowane irin amo, muddin an ɗauke shi an ajiye. Aikin ɗaukar amon kalangu da goge da kakaki daga hannun gwanayen da suka rage yana jiran masu ɗakunan ɗaukar waƙa da jami'o'in Arewa da hukumomin al'adu da ke zaune a Abuja, gwanayen kuwa tsufa suke yi.

Shi dai Smith bai bar ƙira ba. Ya yi aiki da Yamaha da Korg, sa'an nan a 2002 ya sake buɗe kamfani da sunan kansa. A 2013 aka ba shi lambar yabo ta Grammy tare da Kakehashi saboda MIDI. A 2015 kuma Yamaha ta mayar masa da sunan Sequential, bayan shekara 28, kuma Kakehashi ne, tsohon abokin gasarsa, ya sa baki aka yi haka. Kakehashi ya rasu a 2017. Smith kuwa ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a birnin Detroit, inda ya je wani bikin kiɗan lantarki.