A Koya Wa Yaranmu Yi Wa Kwamfuta Umarni

Jama'a 'yan'uwana mazauna Kurmi, da yawa cikin kakanninmu ta Minna jirgin ƙasa ya bi da su zuwa Ikko, gama a can ne hanyar Ikko ta haɗu da wadda ta taso daga Baro zuwa Kano. To, a tashoshin nan waɗanda suka iya buga waya da riƙe littafi su suka zauna cikin ofis, namu kuwa aka bar su da dako. Tsorona shi ne kada haka ta sake faruwa a kan kwamfuta.

Tun da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, samarinmu da yawa suka rasa abin yi. Waɗansu sun koma gyaran waya a Ikeja, kuma madalla da haka. Amma mai canza gilashin waya daban, mai yi wa na'ura umarni ta bi daban. Shawarata ita ce a sa su koyon rubuta umarni, su fara da abin da masana ke kira shel.

Shel tamkar sarkin tasha ya ke tsakanin mutum da kwamfuta: ka faɗa masa abin da ka ke so a rubuce, shi kuwa ya sa a yi. Ka rubuta ls, ya nuna maka takardun da ke cikin jaka. Ka rubuta cd, ya shigar da kai wata jakar. Da cp a ke kwafe takarda, da grep a ke neman kalma ɗaya cikin layi dubu. In ka jera umarnin nan cikin takarda guda, ka sa #!/bin/bash a layin farko, ka ba ta izinin aiki da chmod, shi ke nan ka rubuta shirinka na fari.

Ga misali. Dillalin goro a Shagamu yana ajiye lissafin kowace rana a kwamfuta. Ɗansa na iya rubuta layi biyar da za su kwafe lissafin zuwa wata ma'ajiya, su sa masa kwanan wata, sa'an nan ya danƙa wa cron, watau mai kula da lokaci, ya riƙa yi kowane dare. Ran da na'urar ta lalace, ba a rasa sunan mai bashi ko ɗaya ba.

Wani zai ce ai wannan ilmi yau a ke yayinsa, gobe ya wuce. Ba haka ba ne. A Amurka aka fara Unix a 1969, shel na Stephen Bourne ya fito a 1979, Bash a 1989, Linux kuma a 1991. Har yanzu da su a ke tafiyar da galibin manyan na'urorin da ke ɗauke da intanet. Wanda ya iya su ba ya rasa mai nemansa.

Wani kuma zai ce ina kuɗin, ina Turancin? Linux kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma ta isa, kuma da Termux ana iya gwadawa a wayar Android. Kalmomin farko ba su kai sunayen kayan babur yawa ba, yaran kuwa sun haddace waɗancan. Abin tsoro ɗaya ne: umarnin rm yana share takarda, babu kome. Saboda haka a gwada hannu a jakar da ba ta da amfani tukuna. Masu zargin duk mai baƙin allo da damfara kuwa, su tuna wuƙar mahauci ba ta mai da shi ɗan fashi.

Wanda ya nuna hazaƙa, a mai da shi gida ya ci gaba. Tun 1983 akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, a Bosso da Gidan Kwano, inda a ke karatun kwamfuta. Lalle yaron da ya je can da ɗan shel a hannu ya riga sa'o'insa tashi.

Ina roƙon sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su samar da ɗaki ɗaya, da kwamfuta biyu ko uku, da malami ɗaya na yamma. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane, amin.