A Gane Tambaya Kafin A Ba Ta Amsa

Yara manyan gobe, kowace shekara in lokacin jarrabawa ya gabato, sai ka ga ƴan makaranta a unguwannin Yamai, daga Bukoki har Harobanda, zaune gindin fitila da littattafai, suna ta hadda. Ƙoƙarinsu abin yabo ne. Amma ga abin da nike gani: hadda kaɗai ba ta isar da yaro kwaleji. Wanda ya haddace amsa ɗari, in aka juya masa tambaya guda, sai ya tsaya cik. Abin da ya kamata ku riƙa gwadawa kullum shi ne gane tambaya da bin hujja daki-daki. Ku kuwa ƴan makarantun harshe biyu kuna da babbar sa'a, don kun fara koyon wannan cikin harshen da kuke tunani da shi.

Ga misali. Ran 3 ga watan Agusta, ranar dashen itatuwa, ƴan wani aji sun dasa dogon yaro 10 a jere, tsakanin kowane da na kusa da shi mita 5. Mita nawa ne daga na farko zuwa na ƙarshe? Mai gaggawa zai ce 50. Wanda ya zana itatuwan bisa allo zai ga tazara 9 ce kawai, watau mita 45. Duka su biyu sun iya lissafi. Guda ya duba abin da aka tambaye shi, guda bai duba ba.

Ga na biyu. Duk ɗan Yamai ɗan Nijar ne. Musa ɗan Nijar ne. To, Musa ɗan Yamai ne? Amsa ita ce ba a sani ba. Yana iya zama ɗan Maraɗi, ko ɗan Tawa, ko ɗan Agadas. Nan ƙananan kalmomi ke da aiki: "duk", "wasu", "in", "sai", "ban da". A takardar Faransanci za ku same su da sunan "tous", "certains", "si", "sauf". Kalma guda cikinsu tana juya ma'anar jimla gaba ɗaya. Wanda ya tsallake "sauf" ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Wasu iyaye suna cewa: "Jarrabawar shiga gaba da Faransanci ake rubuta ta, don mi za a ɓata wa yaro lokaci da Hausa?" Tsoronsu yana da dalili. Yaron da ya faɗi, sau da yawa gida yake komawa, yarinya kuwa ba wuya a ce karatunta ya ƙare ke nan. Faransanci kuma dole ne ku iya shi sosai, ku karanta shi, ku rubuta shi. Sai dai a lura, yaron da aka ba matsala cikin harshen da bai ji ba kaya biyu ya ɗauka: nauyin harshe da nauyin tunani. In ya saba da tunanin cikin Hausa, ranar jarrabawa kaya guda ya rage masa.

Ku duba abin da kuke yi a kasuwa. An ce Hawwa ta sayi littafin rubutu 3, kowane faran 125, ta ba da faran 500. Nawa za a maido mata? Yaron da ake aikensa Babbar Kasuwa ya san faran 5 shi ne dala guda. Littafi guda dala 25, guda uku dala 75, cikin dala 100 saura dala 25, watau faran 125. Ya yi wannan a ka, ba alli ba allo. Wannan hankalin shi ake nema a takarda. Kada ku bar shi ƙofar aji.

Wannan ra'ayi ba sabo ba ne a ƙasarmu. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin ƙarfin rana ne, kuma jami'ar Yamai sunansa ta ɗauka. A littafin da ya wallafa a 1964 kan ilimi a Afirka, ya nuna amfanin koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, da Hausa da Faransanci. Daga baya aka buɗe wasu da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da harshen Buzaye. A 2025 kuma aka mai da Hausa harshen ƙasa. Hanyar da kuke bi, manya sun daɗe suna share ta.

To, yaya za ku gwada kanku? Ba sai da kuɗi ba. Kacici-kacici da dare makarantar tunani ce. Dara ma haka, don mai dara ba ya aza ɗa sai ya auna abin da abokin wasansa zai yi bayansa. Ga kuma tsohon labarin mai jirgi. Mutum ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa. Jirginsa ba ya ɗaukar komi sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, kura ta cinye akuya. In ya bar akuya da harawa, akuya ta cinye harawa. Yau a Yamai da sai ya bi gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, amma shi ba gada gabansa. Mabuɗin abin shi ne, ba wanda ya hana shi dawowa da abin da ya riga ya ƙetarar. Yara da yawa suna kasawa don sun ƙara wa kansu dokar da babu ita cikin tambaya.

Ranar jarrabawa ku riƙe abu huɗu. Ku karanta tambaya sau biyu. Ku faɗa wa kanku ita da Hausa, a zuci, kamar kuna gaya wa ƙanenku. Ku ware abin da aka ba ku daga abin da ake nema, ku zana shi in yana zanuwa. In kun samu amsa, ku maida ta cikin tambaya ku ga ko ta zauna. A aji kuwa, in malam ya ba da amsa, ku ce: "Malam, ta yaya aka same ta?" Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Sau nawa mai jirgi zai ƙetare kogi kafin ya gama?
2. Wasu ƴan ajinmu suna jin Zabarmanci. Zara ƴar ajinmu ce. Tana jin Zabarmanci? Don mi?
3. An yanka rake gida 6. Sau nawa aka sa wuƙa?