Ɗan idon nan da ke jikin galan ɗin mai

Uwargida, in an kawo miki man girki, sukari ko fulawa, duba jikin mazubin, za ki ga ɗan tambari mai siffar ido. Alama ce ta an ƙara wa kayan bitamin A, wanda ƙarancinsa ke jawo wa yara dundumi, ya raunana garkuwar jikinsu har ƙyanda ko gudawa su galabaitar da su.

Hannaye da yawa ne suka haɗu a kan tambarin nan. Masu bincike suka nuna girman matsalar, gwamnati ta wajabta ƙara sinadarin a shekarar 2002, hukumar SON ta ƙayyade adadinsa, kamfanoni na zubawa, NAFDAC na sa ido. Haka aka yi wa gishiri da aidin tun 1993 saboda maƙoƙo.

Sai dai ragowar aikin na hannunki. Hasken rana yana lalata bitamin A. Man da aka tsiyaya a gorar ruwa, ya yini a rana a kasuwa ba tambari, ba ki da tabbacin abin da ke cikinsa. Gara ƙaramar leda mai tambari. Ki adana mai a inuwa a rufe, ki rage maimaita suya da shi. Gishiri ma a rufe shi, don aidin na gushewa.

Maigida, in kai ke cefane, nemi idon kafin ka biya. In masu saye suna tambaya, dole ’yan kasuwa su kawo. Allah ya raya mana zuri’a.