RA'AYINMU: Ɗaya ga Oktoba da Darasin Birnin Jos

Ran 1 ga watan Oktoba na 1960, a filin sukuwa na Ikko, Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulkin kai. Tun daga nan wannan rana ta zama ranar manyan al'amura a ƙasar nan. A cikinta Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963. A cikinta Janar Obasanjo ya damƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a 1979. A cikinta kuma, a 1996, aka ƙirƙiro sababbin jihohi shida, har aka fitar da Jihar Nasarawa daga Jihar Filato.

Amma ga 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, watau masu neman halaliyarsu a Agege da Sabon Badun da Inugu da Fatakwal, ma'anar ranar nan ta wuce faretin 'yan makaranta da jawabin rediyo. Alkawarin da ke cikinta shi ne ɗan Nijeriya ya zauna inda ya ga dama cikin ƙasarsa, ba tare da an ce masa baƙo ba. In ana so a auna ko alkawarin ya cika, sai a dubi Jos.

Haƙar kuza ce ta raya Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramukan kuza a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Kafanchan ya biyo baya a 1927. Hausawa da Fulani da Barebari da Ibo da Yarbawa da Urhobo suka yi ta kwararowa, wasu lebura, wasu fatake, wasu akawu. Aka wayi gari Jos ta zama Nijeriya a dunƙule, har aka yi wa jihar kirari da gidan zaman lafiya.

To, me ya ɓata wannan zama? Ba komai ba ne illa tambaya guda: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta yanka ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, gardamar wanda zai riƙe ta ta jawo tarzoma a watan Afrilu na 1994. Ran 7 ga Satumba na 2001 wuta ta sake tashi, aka ƙiyasta mutum wajen 1,000 sun halaka cikin kwanaki kaɗan. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Aka kuma zub da jini a Nuwamba na 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, sa'an nan a Janairu na 2010. Ba ɓangaren da ya ci riba. Unguwanni suka rabu bisa addini, maƙwabcin jiya ya koma abin tsoro.

Lalle ne a faɗi gaskiya ta kowane gefe. Ƙabilun Filato suna da hujja in sun ji tsoron rasa gonakinsu da sarautunsu na gado. Haka kuma wanda aka haifi kakansa a Jos, ba shi da wani garin da ya sani, yana da hujja in ya ƙi yarda a hana ɗansa gurbin karatu ko aikin gwamnati don rashin takardar shaidar asali. Tushen cutar yana cikin dokarmu. Sashe na 41 da na 42 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowa 'yancin zama ko'ina, sun kuma hana nuna bambanci. Alhali kuwa sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga cikin 'yan asalin kowace jiha, ba tare da fayyace ranar da mazauni zai daina zama baƙo ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, duk reshen itacen nan ne. Amma ba haka aka faro ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Abin da iyayenmu suka iya kafin mulkin kai, bai kamata ya gagare mu bayansa ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya ta gyara doka, ta yanke adadin shekarun da in mutum ya zauna a wuri yana biyan haraji zai sami cikakken haƙƙin karatu da aiki da tsayawa zaɓe, sarautun gargajiya kuwa a bar wa masu gadonsu. Wakilan jam'iyyarmu su ne ya kamata su fara ɗaukar wannan nauyi.

Ku kuma 'yan'uwa, ku yanki katin zaɓe a inda kuke zaune, ku biya haraji ku adana rasit, ku sa 'ya'yanku makaranta, ku girmama sarakunan masu masaukinku. In ɓatanci ya auku, a kai kuka wurin Sarkin Hausawa da hukuma, kada a ɗauki doka a hannu. In za ku aika saƙo gida, ku tuna wa dangi cewa lafiyar Ibo da Yarbawan Sabon Garin Kano da na Jos ita ce lafiyarku a Kurmi. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya maimaita mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.