Kifin kanti da gumin bayin teku

Sanin kowa ne cewa kifi halal ne ba sai an yanka shi ba, shi ya sa uwargida ba ta tsayawa bincike a kansa kamar yadda take yi wa naman da ya fito daga waje. To amma akwai tambayar da ba mu saba yi ba: wa ya kamo shi, kuma an biya shi haƙƙinsa?

A watan Yuni na 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta bayyana cewa a wasu jiragen kamun kifi na ƙasar Tailan ana sayen mutane kamar dabbobi, wasu a kan fam 250 kacal, ana sa su aiki har awa 20 a yini. Abin da ke da ban mamaki shi ne, kifin da waɗannan bayin Allah ke kamawa ba ya ma isa teburin kowa. Ƙanana ne marasa daraja, ana niƙa su a mai da su gari, a ciyar da jatan landen da ake kiwo a tafkuna. Jaridar ta bi sawun garin har zuwa kamfanin CP Foods, wanda a lokacin yake sayar da jatan lande ga manyan kantuna irin su Walmart da Carrefour da Costco da Tesco. Mai saye a Paris yana ganin leda mai tsabta da farashi mai sauƙi, alhali hannu huɗu ko biyar ne kawai tsakaninsa da bawa.

Shekarar da ta biyo baya, ƴan jaridar Associated Press suka isa Benjina, wani ƙauyen tsibiri a gabashin Indunusiya. Suka tarar da maza, mafi yawansu ƴan ƙasar Bama, wasu kulle cikin keji, ga kuma maƙabarta inda aka binne waɗanda suka mutu da sunayen ƙarya na ƴan Tailan, domin takardun jabu aka yi musu tun farko. Ba su tsaya nan ba. Ta tauraron ɗan adam suka bi jirgin dakon da ya ɗauki kifin har tashar Samut Sakhon, daga nan suka bi motoci zuwa ɗakunan sanyi da masana'antu. Sakamakon wannan aiki an kuɓutar da mutum fiye da 2,000, cikinsu har da wanda ya koma wa mahaifiyarsa bayan shekara 22. A 2016 wata kotun Indunusiya ta ɗaure shugabannin jirage biyar ƴan Tailan da ƴan Indunusiya uku, shekara uku-uku. A ganinmu hukuncin bai kai girman laifin ba ko kusa.

Yana da kyau mu tsaya a kan yadda ake ɗaure mutum ba da igiya ba, domin a nan ne darasin yake kusa da gidajenmu. Dillali ne ke zuwa ƙauye ya yi wa saurayi alkawarin aiki a masana'anta, ya ce kuɗin hanya bashi ne, a biya daga baya. Da an tsallake iyaka sai a miƙa shi ga mai jirgi, a karɓe takardunsa, bashin kuwa kullum ƙaruwa yake, don abinci da sutura duk a kansa ake rubutawa. Sannan jirgin ba ya komawa gaɓa. Wani babban jirgi mai sanyi ne ke zuwa tsakiyar teku ya kwashe kifin, ya sauke mai da abinci, sai mutum ya yi watanni, wani lokaci shekaru, bai taka ƙasa ba. A cikin babban jirgin kifin jirage da yawa ke cakuɗuwa, na mai biyan lada da na azzalumi, ba mai iya rabe su kuma. Tushen abin kuwa shi ne kifi ya ragu a tekun Tailan saboda yawan kamu. Tafiya ta yi nisa, kuɗin mai ya ƙaru, kantuna suna neman araha, sai aka huce a kan ladan ma'aikaci. Duk wanda ya ji labarin matasanmu masu tafiya cirani ta hannun dillalai, ya san wannan salon magana ta bashin kuɗin hanya ba baƙo ba ne a kunnenmu, kuma uban da ɗansa ya zo masa da irin wannan alkawari ya kamata ya tambayi wa zai riƙe takardun yaron.

An ɗan motsa bayan haka. A 2015 kamfanin Nestlé ya amsa da kansa cewa binciken da ya sa aka yi ya gano aikin tilas cikin kayan ruwan da yake saye daga Tailan. Tarayyar Turai ta ba Tailan katin gargaɗi a Afrilun 2015 kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, ta janye shi a Janairun 2019, watan da ƙasar ta zama ta farko a Asiya da ta amince da yarjejeniya ta 188 kan aikin masunta. Faransa ta kafa doka a 2017 mai tilasta wa manyan kamfanoninta sa ido kan masu kawo musu kaya. Kuma bari mu faɗa a gefe, ƙasar Nijar ce ta fara amincewa, a watan Mayu na 2015, da ƙarin yarjejeniyar 2014 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya kan aikin tilas, gaban dukkan ƙasashen da ke da teku.

Sai dai sa hannu a takarda bai kai ga tsakiyar ruwa ba. Ƙiyasin da wannan hukuma ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 27.6 cikin aikin tilas a duniya, kimanin 128,000 daga cikinsu a jiragen kamun kifi. A 2023 binciken ɗan jarida Ian Urbina da abokan aikinsa ya nuna ana kai Musulmin Uigur aiki a masana'antun sarrafa kifi na lardin Shandong na ƙasar Sin, kayan kuma suna isa kantunan Turai da Amurka. Hukumomin Sin dai suna musun cewa akwai tilas. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2024 don hana shigo da kayan aikin tilas an tsara ta fara aiki ne a watan Disamba na 2027.