Karatun Aikin Jarida a Jami'a: Ina Rabon Kudancin Katsina?

A cikin shekarar 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Nijeriya ta yanke wata shawara wadda ba a ji amonta a kasuwa ko a zaure ba, alhali kuwa ta shafi 'ya'yan masu kasuwar da na masu zauren. Shawarar ita ce, karatun nan na watsa labarai, wanda a da ake ba da shi dunƙule a fanni guda, a tsaga shi gida bakwai, kowane gida da digirinsa. Akwai aikin jarida tsantsa, da aikin rediyo da talabijin, da shirya fim tare da haɗa hoto da murya, da talla, da hulɗa da jama'a, da sadarwa domin raya ƙasa, sa'an nan da sarrafa bayanai. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, wanda ya taɓa riƙe Jami'ar Bayero ta Kano, kuma Farfesa Umaru Pate na wannan jami'a yana cikin malaman da suka tsaya a kan maganar. A ƙarshen 2022 hukumar ta sake fito da sabon tsarin darussa, inda ta riƙe kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ƙasar da take zaune.

Abin da ya kawo wannan tsagi ba ɓoyayye ba ne, yana cikin aljihun kowane ɗan tireda. A zamanin da, labari guda sai ya bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ya isa ga mai karatu: wani ya je ya gano, wani ya ɗauki hoto, edita ya gyara, mai jera baƙaƙe ya jera a maɗaba'a, mota ta kai Funtuwa bayan kwana biyu. Yau mutum ɗaya da wayar hannu shi ne duk waɗannan, har da motar. Ya rubuta, ya ɗauki murya, ya ɗauki hoto mai motsi, ya datse ya haɗa, ya saki a intanet kafin a kira la'asar. Wannan shi ake nufi da aikin jarida mai haɗa rubutu da murya da hoto, shi ne kuma samari da 'yan mata ke zuwa wa iyayensu da shi suna neman izini da kuɗin makaranta.

Karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, bayan ya ci darussa biyar na sakandare da Turanci a cikinsu. Ana koya masa rubuta labari da tace shi, da yadda ake yi wa mutum tambaya har ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗi ba, da ɗaukar hoto, da aikin ɗakin watsa shiri, da dokokin ƙasa a kan ɓata suna, da dokar 2011 wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun gwamnati. A tsakiyar karatun akan tura shi wani gidan rediyo ko jarida ya yi watanni yana koyon aiki a hannu. Kadan ya gama, sai shekara guda ta bautar ƙasa. Watau uban da ya amsa ya amsa ciyarwar shekara biyar ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. Na malaman jami'a na 2022 kuwa wata takwas ya ci.

Mutanen ƙasar Katsina ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, daga makarantar Midil ta Katsina aka ɗauko Malam Abubakar Imam ya zama editanta. Ran 13 ga Maris 1957, da gidan rediyon BBC ya buɗe sashen Hausa a Landan, muryar da aka fara ji ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce, Malumfashi kuwa maƙwabciyar Ƙanƙara ce. Ba ɗayansu da ya riƙe digirin jarida, gama ba a fara irin wannan karatu a Nijeriya ba sai 1961 a Nsukka, sa'an nan Ikko a 1966, Kano kuwa sai a ƙarshen shekarun 1970. Da Hausa mai kyau suka zo, da Larabci, da sanin halin mutane, sauran a bakin aiki suka koya. Mai musu zai ce, to, in haka ne mene ne amfanin shekara huɗu? Amsar tana cikin abin da ya faru a Ƙanƙara.

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka auka wa makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara, suka kora ɗalibai daji. Kwana shida da suka biyo baya, iyaye na zaune a ƙofar makaranta, ba wanda ya iya gaya musu tabbataccen adadi. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce 333 ba a gani ba. Wani mai magana da yawun fadar shugaban ƙasa ya ce goma ne kurum suka rage a hannun ɓarayin, daga baya ya nemi gafara. A waya kuwa kowa da lissafinsa. Aka saki wata murya da aka ce ta Abubakar Shekau ce yana cewa mutanensa ne suka yi, aka bi ta da hoto mai motsi na yara cikin ƙura a gindin itatuwa, hukuma kuma tana cewa 'yan fashin daji ne. Ran 17 ga wata aka sako yara 344.

Duk wanda ya dubi waɗannan kwanaki shida da idon basira zai ga cewa labari bai yi ƙaranci ba, yawa ma ya yi, mai tantancewa ne babu. Aikin da ake bukata a ranar ƙanƙane ne a baki, mai nauyi a aikace: mutum ya nemi rajistar makaranta, ya bi unguwa unguwa da ƙauye ƙauye yana ƙirga wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, ya saurari muryar nan ya gwada ta da muryoyin baya, ya dubi hoton ya tambayi kansa yaushe aka ɗauka, a ina, wa ya fara sakinsa, me yake so da sakin. Manema labarai sun zo daga Abuja da Ikko da ƙasashen Turai, wasu sun yi aiki nagari, amma da tafinta suke magana, da magariba kuma sai su koma Katsina su kwana. Yaron da aka haifa a Tafoki ko Sabuwa ya san wane dagaci ne ba ya ƙari a magana, ya san sunan kowane rafi, uwar da ba za ta buɗe baki ga baƙo ba za ta yi masa magana domin ta san kakarsa. Abin da ya rasa shi ne horo, da wurin da zai kai abin da ya samo.

Malamai ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Ilmin isnadi da sanin maruwaita, watau duban wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya, shin an san shi da riƙo ko da mantuwa, shi ne ƙashin bayan abin da ake koyarwa a ajin tantance labari, ko da yake littattafan ajin ba su san wannan suna ba. Almajirin da ya zauna gaban malami ya ga an ajiye ruwaya domin mutum ɗaya a cikin silsila ba a san halinsa ba, ya riga abokan karatunsa da zango guda. Abin mamaki, sau da yawa a zaure guda za a tsananta a kan ruwayar shekara dubu, sa'an nan a karɓi muryar WhatsApp ta jiya ba tambaya, a kuma tura wa mutum hamsin.

Akwai darasi na biyu a shekarar da ta biyo. A Satumban 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a cikinsu, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Sai cikin Disamba aka fara mayar da layukan. A watannin nan duk ƙwarewar da ta dogara ga intanet ta zama kamar guga ba igiya. Abin da ya rage shi ne akwatin rediyo mai batir, da direban da ya fito daga ƙauye, da mutumin da ya iya riƙe alƙalami ya rubuta ranar da abu ya faru da sunan wanda ya gani. Sashen da ya cika ɗalibi da dabarun na'ura ya bar shi bai iya sauraro da rubutu ba, ya yaye wanda ba zai amfani wannan yanki ba a ranar da aka fi bukatarsa.

Ba daidai ba ne a ɓoye wa iyaye wahalar abin. Ta fari, da Turanci ake karatun daga farko har ƙarshe, alhali da Hausa yaron zai ci abinci in a Arewa zai zauna, ko a Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003, ko a jaridar Aminiya, ko a sassan Hausa na BBC da Jamus da Faransa. Shi ya sa ake jin labarai a rediyo da kalmomin Hausa amma ƙirar jimlar ta Ingila ce, tsoho ya kasa kunne ya rasa inda aka dosa. Kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'o'i wuri ne da ya isa a sa rubuta labari da Hausa, da fassara, har da ajami, gama har yanzu akwai mutane a kasuwannin Dandume da Sheme waɗanda da shi suke rubuta bashi da wasiƙa. Ko jami'o'in Kano da Zariya da Katsina za su cika wurin da wannan, ko da wani abin da aka kwafo daga waje, shi ne abin da ya kamata a sa wa ido.

Ta biyu, hatsari. Ɗan jaridar da ya zo daga nesa yakan tafi, ɗan gari kuwa gidan ubansa na nan, kowa ya san ƙofar. Ga 'yan bindiga a gefe guda, ga hukuma a ɗaya gefen. A Agustan 2022 hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan fashin daji, ta kuma ci waɗanda suka nuna irin wannan shiri na BBC a kan Zamfara. A Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da ikon cin tara, gama ita ba kotu ba ce. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ma an sha kama marubuta da sashe na 24 nata, har aka yi masa gyara a 2024. Sanin inda iyakar doka take, da yadda ake ɓoye fuska da muryar wanda ya ba da shaida don kada a bi shi gida, suna cikin abin da ya raba mai horo da mai waya kurum.

Ta uku, albashi. Gidajen jarida da yawa ba sa biya a kan kari, Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian kansu sun daina fitowa kamar da. Inda albashi ya yi rauni, nan ambulan ɗin 'yan siyasa ke shiga, wanda ya karɓa kuwa ya sayar da abin da ya yi shekara huɗu yana nema. Sai dai ɗan kasuwa zai lura da abin da wani ba zai lura ba: wanda ya iya ɗaukar hoto da haɗa murya ba lalle sai an ɗauke shi aiki ba. Farashin masara a Dandume, da na shanu a Sheme, da na auduga a Funtuwa, labari ne da mutane ke bukata kowane mako, kuma wanda aka san ba ya ƙarya a kansa zai sami masu saurare da masu talla. Waɗanda suka yi asara a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, saboda jita-jitar yau an karɓi tsohon kuɗi gobe an ƙi, sun san kuɗin da sahihin labari yake da shi.

Game da 'ya'ya mata, akwai abin da ba a cika faɗi ba. Yawancin waɗanda rikicin ya raba da gidajensu mata ne da yara, kuma akwai abin da mace ba za ta gaya wa namiji ba ko da ɗan'uwanta ne. Inda babu 'yar jarida, rabin labarin Faskari yana nan cikin gida ba a ji ba.

Uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana yana da tambayoyi da zai yi kafin ya kwance bakin jaka. Shin hukumar jami'o'i ta amince da wannan sashe a wannan jami'a? Shin akwai ɗakin watsa shiri mai aiki, da na'urorin da ɗalibi ke taɓawa da hannunsa, ko kuwa a allo ake zana su? Cikin gida bakwai ɗin nan wanne yaron ya zaɓa, gama mai karatun talla da hulɗa da jama'a gyaran sunan wanda ya biya shi zai koya, aikin halal ne amma ba shi ne neman labari ba. Sa'an nan a gwada yaron tun a gida: a aike shi kasuwar Sheme ranar ci, ya dawo ya faɗi abin da ya gani dabam, abin da aka gaya masa dabam, da sunan wanda ya gaya masa.